Raƙumin dawan Dabous da hotunanmu na yau: wa ya fi sanin dabba?

Ɗan_Tudun_Wada:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Daren jiya na ci karo da hoton wani sassaƙe a jikin dutse a ƙasar Nijar, wurin da ake kira Dabous, arewa da Agadas ta hanyar Arlit. Raƙuman dawa ne guda biyu, babba da ƙarami. Babban tsawonsa ya haura mita 5, kusan girman dabbar kenan in tana tsaye. Masana sun ce aikin ya kai shekara 6,000 ko fiye. Na yi ta jawo hoton ina dubawa. Kowane dabbare na jikinsa sai da aka zagaye shi, ga kofato, ga gashin wuya, ga 'yan ƙahonnin nan guda biyu. Kuma mutanen ba su da ƙarfe a lokacin, da dutse suka ci dutse.

To ga abin da na ce, wanda zai musa ya musa: mutumin da ya sassaƙa wannan ya fi masu ɗaukar hotonmu na yau sanin dabba, duk da kyamarorinsu na miliyoyi.

MaiKyamara_Fagge:
Wa alaikumus salam. Da sassafe za a fara da mu kenan? Malam, kyamara ba ta ƙari ba ta ragi. Abin da ke gabanta shi take ɗauka. Mai sassaƙa kuwa abin da ya tuna yake yi, tuni kuwa yana ha'inci.

Ba'agadashe:
Ni na je wurin da ƙafata. Tafiyar kamar kilomita 110 ce daga Agadas, sai a sauka daga kwalta a ɗan shiga. Abin da hoto ba ya nuna muku shi ne sassaƙen ba a tsaye yake kamar bango ba, a kan doron dutse yake, a ɗan kishingiɗe. In rana ta take tsaka da ƙyar za ka ga komai. Sai da yamma, in hasken ya zo ta gefe ya cika ramukan da inuwa, sannan dabbar ke fitowa kamar za ta tashi. Kuma ba su biyu kaɗai ba ne, zane sama da 800 aka ƙirga a duwatsun wurin, galibi dabbobi: shanu, jiminai, bareyi, har da zaki da karkanda. Wani Bafaranshe mai suna Christian Dupuy ne ya fara rubuta labarinsu a 1987, ko da yake Buzayen yankin sun san da su tun kaka da kakanni. A 1999 aka ɗauki kwafinsu, aka zuba ɗaya da sanholo aka kafa a filin jirgin Agadas.

Maman_Ilham:
Raƙumin dawa a Agadas? Me yake ci, yashi?

Ba'agadashe:
Hajiya, lokacin Sahara ba hamada ba ce. Akwai tabkuna da ciyawa da itatuwa, har dorina da kada sun zauna a inda yau ko tsuntsu ba ya samun ruwan sha. Zanen ma shi ne shaida ɗaya.

Ɗan_Tudun_Wada:
Ka ji ko, MaiKyamara? Mutumin nan da raƙuman ya tashi, yana ganinsu safe da yamma. Kai kuwa sai ka biya kuɗin shiga gidan zu.

Malamin_Tarihi:
Bari in raba gardamar, ko in ƙara mata wuta. Kowannenku yana da hujja a tarihi.

Hujjar MaiKyamara ita ce karkandar Dürer. A 1515 aka kawo wata karkanda daga Indiya zuwa birnin Lizbon, kyauta ce da ta fito daga sarkin Gujarat ta ƙare a hannun Sarki Manuel na Fotugal. Mai zane Albrecht Dürer yana can Nuremberg a Jamus, bai taɓa sa ta a ido ba. Wasiƙa ya samu da wani ɗan zane da wani ya yi, ya zauna ya sassaƙa ta a katako aka buga. Ya yi mata sulke kamar dokin lifidi, ya sa mata ɓawo a ƙafafu kamar kifi, ya ƙara mata wani ɗan ƙaho a doron wuya wanda Allah bai yi mata ba. Ita karkandar aka aika wa Fafaroma da ita, jirgin ya nitse a gaɓar Italiya a farkon 1516. Zanen kuwa ya rayu, Turawa suka yi sama da shekara 200 suna kwafarsa a littattafai a matsayin ainihin kamannin karkanda.

Amma ku lura, Dürer gwani ne na gaske. Zomon da ya zana a 1502 har yau in ka gani sai ka ce zai motsa hanci, gashi ɗai-ɗai. Bambancin kawai shi ne zomo ya san shi, karkanda labarinta ya ji.

Direban_Tirela:
Wannan ai labarin masu zanen bayan mota ne. Na taɓa kai bodin motata wurin wani mai fenti na ce ina son zaki a ƙyauren baya, yana hamma, a rubuta "Hassada ga mai rabo taki" a ƙasa. Kwana uku na dawo. Wallahi abin da na tarar kyanwa ce da gemu. Na ce malam wannan fa? Ya ce ai haka zaki yake. Na ce ka taɓa gani? Ya ce a jikin wata mota. Shi ma mai waccan motar a jikin wata ya gani. Amma ka ce ya yi maka doki ko zakara, nan za ka sha mamaki, don a gidansu akwai su.

Maman_Ilham:
Kyanwa da gemu! Allah ya shirye ka Direba, ka sa na ƙware da shayi.

MaiKyamara_Fagge:
To ai kun zo inda nake. Doki kuka ce ko? Wa ya kai Turawan da sanin doki? Da shi suke yaƙi, da shi suke noma, da shi suke tafiya. Amma shekaru aru-aru masu zanensu suna yin doki a sukuwa da ƙafafun gaba a miƙe gaba, na baya a miƙe baya, yana shawagi kamar an shanya fata. Ku nemi zanen tseren dawakin Epsom da Géricault ya yi a 1821 ku gani. Sai a 1878 wani mai ɗaukar hoto, Eadweard Muybridge, ya jera kyamarori 12 a gonar attajiri Leland Stanford a Kalifoniya, aka ja zare a kan hanya, doki na wucewa yana tsinka zaren kyamara na ɗauka. Da aka wanke sai aka ga gaskiya ne akwai lokacin da kofatai huɗun duk ba sa ƙasa, amma a lokacin a tattare suke ƙarƙashin ciki, ba a miƙe ba. Zama da doki bai nuna musu wannan ba. Kyamara ce ta nuna.

Sarkin_Zagi:
Wannan kam gaskiya ne, duk wanda ya yi sukuwa ya san lokacin da doki ke dunƙulewa a ƙarƙashinsa. Jikinka ne ke ji, ido ba ya kamawa.

Amma MaiKyamara, tunda ka taɓo dawaki bari in yi ƙorafina a kan 'yan sana'arku. Duk hawan sallah kuna cika fili, amma hoton kaya kuke ɗauka ba na doki ba. Rawani, alkyabba, jalala, ɗan gaba, shi kenan. Ka duba hoto ɗari na hawan daushe, da wuya ka ga goma da aka kama dokin a daidai. Wani an ɗauke shi ya kwantar da kunnuwa baya, wato ransa a ɓace yake ko linzami ya dame shi, amma an sa a Facebook an rubuta "kwarjini". Wani an ɗauka yana ɗingishi. Mai doki in ya gani kunya yake ji. Lokacin da ya kamata a danna shi ne wurin zamiya, in mahayi ya ja linzami a gaban sarki, dokin ya zauna kan ƙafafun baya, ƙura ta tashi, mashi na sama. Daƙiƙa ɗaya ce. Wanda bai san doki ba sai ƙurar ta lafa yake dannawa.

MaiKyamara_Fagge:
Ranka ya daɗe na karɓi wannan. Shekarata ta farko a hawan Nasarawa hotuna sama da 400 na ɗauka, da na zauna tacewa ko ashirin ban fitar ba. Wani dattijo mai kula da barga ne ya ce in daina kallon mahayi, in riƙa kallon kunnen doki da kafaɗarsa, su ke faɗin abin da zai yi kafin ya yi. Daga nan hotona ya canza.

Ɗan_Tudun_Wada:
Alhamdu lillahi, da bakinka. Ashe ba kyamarar ba ce, dattijon barga ne.

Malamin_Tarihi:
Akwai wani bincike da ya shafi wannan kai tsaye. A 2012 wasu masana a ƙasar Hangari suka tara zane-zane da gumaka kusan 1,000 na dabbobi masu ƙafa huɗu suna tafiya, suka duba ko jerin ƙafafun ya dace da yadda dabba ke takawa. Masu zanen kogo na zamanin da sun yi kuskure a kusan kashi 46 cikin ɗari. Masu zanen da suka zo daga baya, kafin Muybridge, kuskurensu ya haura kashi 83. Bayan hotunansa ya sauko zuwa wajen 58. Wato kyamara ta gyara wa masu zane, amma ba ta kai su inda mafarautan kogo suke ba.

Abu_Sumayya:
'Yan'uwa ina ta bin zancen, amma ban ga wanda ya tuna mana hukunci ba. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa wani mai yin surori ya zo wurin Ibn Abbas, Allah ya yarda da shi, yana tambaya a kan sana'arsa, ya gargaɗe shi, ya ce in ya zama dole to ya yi itatuwa da abin da ba shi da rai. Kada sha'awar kyan zane ta sa mu manta.

Gwaggo_Asabe:
Allah ya saka da alheri Malam. Shi ya sa ma in ka duba adon gidajenmu na da a Zariya da Kano, da aikin babbar riga da hula da zayyanar allo, dagi ne da aska da ƙulle-ƙulle, ba ka cika ganin mai rai ba. Sai dai a ƙwarya nakan ga ƙadangare ko tsuntsu jefi-jefi.

MaiKyamara_Fagge:
Allah ya gafarta Malam, hoton kyamara fa? Don da shi nake ci da iyali.

Abu_Sumayya:
Wannan malaman zamani sun yi saɓani. Akwai masu haɗa shi da zanen hannu sai dai in da lalura, akwai masu ganin kama inuwa ne kawai kamar madubi, ba ƙaga sura ba. Ka zauna da malamin da ka amince da iliminsa, zaure irin wannan ba wurin fatawa ba ne.

Malamin_Tarihi:
A ɓangaren tarihi kawai, ba hukunci ba: fadojin musulmi da dama sun yi zanen dabbobi. A fadar Alhamra da ke Garnaɗa a ƙasar Sifaniya akwai zakuna 12 na dutse ɗauke da kwarmin ruwa tun ƙarni na 14. A Indiya kuma Sarki Jahangir yana da mai zane, Ustaz Mansur, wanda aikinsa kenan, in an kawo baƙuwar dabba ya zana ta. A 1621 aka kawo jakin dawa, har aka yi zaton fenti aka shafa masa, sai da aka bincika aka tabbatar haka aka halicce shi. Zanen yana Landan yanzu.

Bafulatanar_Jigawa:
Kuna ta tafiya Jamus da Indiya, ga abu a ƙofar gida. A Birnin Kudu akwai zanen shanu a jikin duwatsu, Dutsen Mesa da Dutsen Habude, da jan launi. Tun shekarun 1950 masu binciken tarihi suka rubuta su. Na kai babana wurin, mutumin da ya yi kiwo tun yana yaro. Ya tsaya ya daɗe yana kallo sai ya ce, "Waɗannan ba irin namu ba ne, ina tozonsu?" Ni ko lura ban yi ba. Bunaji da rahaji da bokolo duk da tozo suke, waɗancan kuwa da yawansu bayansu a shafe yake. Ashe irin shanun da aka yi kiwo a ƙasar nan kenan kafin masu tozo su yawaita.

Ɗan_Maraɗi:
Mu nan kullum da hoton dabba muke yawo a aljihu. Ku juya takardar jikka guda ta sefa, raƙuma ne. Ta dala ɗari dorina, ta jikka biyu kifi, ta jikka biyar bareyi, ta jikka goma tsuntsaye. Tambarin ƙasarmu ma akwai kan sa a ciki. Kuma raƙumin dawa bai ƙare a Nijar ba, yana nan Kure, kamar kilomita 60 daga Yamai. Irinsa na Afirka ta Yamma a Nijar kaɗai ya rage. A 1996 ba su wuce 50 ba, yanzu sun haura 600, har a 2018 an kwashi 8 an kai Gadabeji nan jiharmu.

Ba'agadashe:
Haka ne ɗan'uwa. Kuma in ka ga na Kure yana tafiya, ƙafar gaba da ta baya na gefe ɗaya yake ɗagawa tare, kamar raƙumin gida. Wanda ya ba shi sunan Hausa ya kalle shi da kyau.

Kwamared_Sabo:
Ni maganar "kyamara ba ta ƙari ba ta ragi" ce ta tsaya mini. Ita ba ta yi, mai riƙe da ita yana yi. Babbar gasar hoton namun daji da gidan tarihin halittu na Landan ke shiryawa, wanda ya ci a 2009 da hoton kyarkeci yana tsallake ƙyauren shinge, daga baya an ƙwace kyautar don alƙalai sun gamsu na gida ne da aka horar. An sake yi da hoton 2017: wata dabba mai cin gara a Barazil ta nufi suri da dare, masana suka duba suka ce mushe ne da aka cusa wa kaya aka tsayar. Yanzu kuma ga na ƙirƙirarriyar basira. Kwanan nan aka turo mana hoton zaki ya rungumi yaro a zauren danginmu, mutane na ta "Allahu Akbar", na ƙirga yatsun yaron shida ne.

Direban_Tirela:
Kwamared ai ko masu sayar da rago sun iya wannan. Bara da layya aka turo mini hoton rago ta WhatsApp, an durƙusa an ɗauke shi daga ƙasa, an sa ƙaramin yaro a gefe. Na ce wannan sa ne. Na tura kuɗi. Da aka sauke shi daga a-kori-kura sai da na leƙa ciki ko akwai wani.

Maman_Ilham:
Direba kai kam dabbobi ba su yi maka adalci ba, daga kyanwa mai gemu sai ragon hoto.

Kwamared_Sabo:
Akwai kuma wanda ya shafe mu. Pieter Hugo, wani mai ɗaukar hoto ɗan Afirka ta Kudu, ya zo Najeriya a 2005 da 2007 ya ɗauki gardawan kura, ga kura da takunkumi da sarƙa, ga gogon biri an sa masa riga. Hotunan sun zaga duniya. Wasu a waje suka ɗauka 'yan daba ne masu karɓar bashi da kura, alhali masu wasa ne da sayar da magani, sana'ar gado. Wasu kuma kurar suka tausaya wa. Hoto ɗaya, kowa da abin da ya gani.

Sarkin_Zagi:
Ni kurar na tausaya wa, gaskiya. Ka dubi yadda take sunkuyar da kai. Amma kuma na san in an cire takunkumin ni zan fara hawa bishiya.

Ɗalibar_Lauya:
Tunda an zo kan biri: a 2011 a tsibirin Sulawesi na Indonesiya wani biri ya danna kyamarar wani mai ɗaukar hoto, David Slater, ya ɗauki kansa yana washe haƙora. Rigima ta tashi a kan wa ke da haƙƙin mallakar hoton, har wata ƙungiyar kare dabbobi ta kai ƙara a Amurka a madadin birin a 2015. A 2018 kotun ɗaukaka ƙara ta ce dabba ba ta da hurumin shigar da irin wannan ƙara. To Yaya Ɗan_Tudun_Wada, a nan wa ya fi sanin dabba, tunda ita ta ɗauki kanta?

Ɗan_Tudun_Wada:
Ƙanwata kin kashe bakina. Amma ko shi washe haƙoran, mu ne muka kira shi murmushi, ba mu tambayi birin ba.

MaiKyamara_Fagge:
Duk da haka ban sauka daga kan bakata gaba ɗaya ba. Kai kanka da me ka ga raƙumin Dabous? Ka je Agadas? A waya ka gani. Wani ne ya hau dutse ya jira hasken yamma ya ɗauko maka.

Ɗan_Tudun_Wada:
Wannan kuma ban da amsa, sai na sha ruwa.

Gwaggo_Asabe:
Ni na koma na sake duba hoton. Akwai wani layi da ya fito daga bakin raƙumin ya gangaro har kan wani ɗan mutum ƙarami a ƙasa. Igiya ce? Kiwonsa suke yi?

Ba'agadashe:
Gwaggo idonki da kaifi, kowanne cikin biyun yana da wannan layin da ɗan mutuminsa. Masana sun rabu: wasu sun ce igiyar farauta ce ko ta kamu, wasu sun ce alama ce ta wata alaƙa ta tsafi ko tatsuniya tsakanin mutum da dabbar. Ana samun irinsa a wasu zanen raƙuman dawa na Sahara.

Bafulatanar_Jigawa:
Na nuna wa babana yanzu a waya. Ya ce in igiya ce to wanda ya ɗaura ta bai taɓa jan dabba ba, ko ɗan maraƙi ba a ja da leɓe. Ya ce a ƙara masa girman hoton yana so ya ga kofaton.